Daga Borno Zuwa Nijar: Tarihin Ƙasar Iyaka



Mai martaba Sarkin Guci, Allah ya ja zamaninka. Masu martaba sarakunan da suka tako daga nesa da kusa. Masu girma hukumomi, malamai, iyaye maza da mata.

A wannan rana da sarautar Guci ta cika shekara ɗari, an nemi in yi taƙaitaccen bayani game da ƙasar da muke zaune a cikinta. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Tun asali ƙasar Damagaram bakin iyakar Borno ce ta yamma. Sarakunanta da na Sosebaki, wato Miriya da Waca da Dungas, duk gaisuwa suke kai wa Borno. Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ya ɗaukaka ƙasar. Ya kewaye birnin Zindar da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera igwa, fatake kuma suna ta zuwa daga Tarabulus da Agadas da Kano. Duk da haka sunan Borno bai gushe daga kanmu ba sai 1893, lokacin da Rabe ya ci Kukawa. A shekarar nan Amadu Kuran Daga ya hau gado, Damagaram ta tsaya da ƙafarta.

Jama'a, wannan ƴanci shekara shida kawai ya yi. A 1898 aka kashe wani kyaftin na Faransa a Zindar, a watan Yuli na 1899 kuma sojan Faransa suka yi galaba a Tirmini, suka shiga birni. Daga nan Faransa da Ingila suka shata iyaka, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Magariya da Dungas suka faɗa hannun Faransawa, Daura da Zango da Ɓaure hannun Ingilishi, wa a can, ƙane a nan. Zindar ta zama babban birnin mulki a 1911, aka mayar da shi Yamai a 1926, ranar 3 ga Agusta 1960 kuma Jamhuriyar Nijar ta sami ƴancin kai.

Ranka ya daɗe, ba a shawarci kakanninmu ba da aka ja wannan layi, amma mu muke kwana da shi. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, kowa a nan ya ga yadda kasuwa ta mutu, hatsi ya yi tsada, ziyarar dangi ta gagara. Nauyin da ke kan sarauta shi ne ta riƙe ƙasarmu Nijar da amana, ta kuma riƙe zumuncin da ya girmi iyakar, domin zumunta a ƙafa take.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya. Amin.