ƘWAƘWALWAR ƊAN ADAM: KOWANE SASHE DA AIKINSA

Yau za mu yi magana a kan wata halitta wadda kowa ke ɗauke da ita dare da rana, amma kaɗan ne suka san yadda take aiki, watau ƙwaƙwalwa. A bakinmu Hausawa, zuciya muke jingina wa tunani. Mukan ce zuciyata ta ba ni, ko kuwa na riƙe abin a zuci. Wannan salon magana ne kawai. Aikin zuciya shi ne harba jini. Tunani da magana da gani da motsi, duk a cikin ƙoƙon kai ake shirya su.

Nauyin ƙwaƙwalwar baligi bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ƙunshe da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, tana kuma cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. In mutum ya dube ta sai ya zaci curi ɗaya ce. A'a, ta fi kama da tsohon birni mai unguwanni: ga ta maƙera, ga ta marina, ga ta majema, kowace da sana'arta, hanyoyi kuwa sun haɗa su duka. In gobara ta ci unguwar maƙera, za a rasa garma da lauje, amma rini ba zai tsaya ba. Haka ƙwaƙwalwa take.

Yaya aka gane haka? Yawanci ta wajen masu rauni. A shekarar 1848, a ƙasar Amurka, nakiya ta tashi da wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage. Sandar ƙarfe ta shiga ta ƙarƙashin kumatunsa na hagu, ta ɓullo ta tsakar kansa. Bai mutu ba, yana tafiya, yana magana, amma halinsa ya sāke. Mutumin da aka sani da natsuwa ya zama mai gaggawa da baƙar magana, har iyayen gidansa suka ƙi mayar da shi kan aikinsa. Wannan ya nuna cewa sashen da ke bayan goshi shi ne mai kula da shawara, da tsara al'amura, da kame kai.

A shekarar 1861 kuma, wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci wanda ya shekara 21 ba ya iya furta kome sai "tan", ko da yake yana gane abin da ake faɗa masa. Da ya rasu aka buɗe kansa, sai aka tarar da lahani a gaban ƙwaƙwalwa ta wajen hagu. Bayan shekara 13, watau a 1874, wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya gano wani wurin dabam, can wajen kunnen hagu. Wanda wurin nan nasa ya lalace yakan zuba magana ba gargada, amma ba ta da kai ba ta da gindi, shi kuwa ba ya fahimtar ta wasu. Ashe furta magana aiki ɗaya ne, gane ta kuma wani aikin ne.

Gani kuwa, abin mamaki, a ƙeya yake. Ido ƙofa ce kurum, saƙon sai ya isa bayan kai kafin mutum ya san abin da ya gani. Saboda haka wanda ya bugu a ƙeya yana iya makancewa alhali idanunsa garau. Ji yana a gefen kai, daidai kunnuwa. Can ciki kuma, a kowane gefe, akwai wani ɗan sashe mai ajiye sababbin abubuwa a ƙwaƙwalwa. A 1953 likitoci a Amurka suka cire wa Henry Molaison wannan sashe, dama da hagu, don maganin farfaɗiya. Daga ranar har ya rasu a 2008 yana tuna ƙuruciyarsa, amma wanda ya gaisa da shi ɗazu, in ya komo, baƙo ne.

A ƙasan ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai daidaita tafiya da tsayuwa. Ita giya ke rikitawa har mashayi ya riƙa tangaɗi. Ƙarƙashin duka kuma akwai gindin ƙwaƙwalwa wanda ya haɗe da laka. Shi ke riƙe da numfashi da bugun zuciya, ko mutum yana barci. Rauni a nan yakan zama ajali nan take.

To, ga abin da na fi so ku riƙe. Jijiyoyin motsi sukan gitta juna kafin su sauka cikin laka, saboda haka ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hannu da ƙafa na dama, na dama kuwa shi ke sarrafa na hagu. Da yake ga yawancin mutane magana tana hagu, shi ya sa sau da yawa wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye maganarsa ma takan ɗauke. Mutane sukan ce iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa. Abin da ya auku shi ne, wata hanyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin kai, unguwar da take ciyarwa ta rasa jini. Babban mai jawo wannan kuwa shi ne hawan jini, ciwon da kan daɗe a jiki ba tare da ya nuna alama ba.

Saboda haka in kuka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannunsa ɗaya ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, kada a tsaya turare da shafe-shafe. A kai shi babban asibiti nan da nan, a kuma lura da lokacin da abin ya soma, domin maganin da ke narkar da gudan jini ba ya amfani sai in an ba da shi cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, don mai yiwuwa haɗiyarsa ta taɓu, abin ya bi ta huhu. Addu'a a yi ta a kan hanya.

Ƙasarmu ba baƙuwar wannan ilmi ba ce. Tun 1962 marigayi Farfesa Latunde Odeku ya soma aikin fiɗar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, yau kuwa ana yinsa a manyan asibitoci da dama. Duk da haka rigakafi ya fi magani. Baligi ya riƙa zuwa ana auna jininsa, a rage gishiri, a bar taba. Mai babur da wanda ya ɗauko su sa hular kwano, su ɗaure ta, don ƙoƙon kai ba dutse ba ne.

Wanda abin ya riga ya same shi kuma, kada a fid da rai. Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi, maƙwabtan unguwar da ta ƙone su ɗauki wani abu daga aikinta, muddin ana motsa gaɓoɓin majinyaci kullum, ana kuma hira da shi cikin haƙuri. Gage ɗin nan da na ambata, daga baya ya shekara da shekaru yana tuƙa keken doki a ƙasar Chile, yana cin guminsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.