Jawabin Yaye Ma'aikatan Lafiya a Galma Kudawace Bayan Horon Sabunta Ilimi

Gaisuwa da girmamawa ga hukumomin gundumomin Madawa da Buza da Keita, da masu martaba sarakuna, da malamai, da likitoci da majo-majo da ungozomomi, da iyaye mata da suka bar aikin gida domin halartar wannan taro.

Ma'aikatan da ake yayewa yau ba sababbin hannu ba ne, domin kowanensu ya riƙe takardar makaranta tun da daɗewa, kuma ya saba da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa, waɗanda su ne ke cika ɗakunan shan magani na wannan yanki, musamman da damina. Abin da ya mayar da su aji shi ne cututtukan da ke shiga jiki a ɓoye: ciwon zuciya da hawan jini, da cututtukan homon, wato sinadaran da wasu sassan jiki ke zubawa cikin jini domin daidaita aikin sauran gaɓoɓi, da kuma ƙari, wanda mugun nau'insa ake kira sankara ko ciwon daji. Ilimin waɗannan cututtuka yana sauyawa cikin shekarun aikin mutum guda, ta yadda abin da aka koya wa ɗalibi a matsayin tabbas kan zama abin sake dubawa tun bai yi furfura ba.

Babu misalin da ya fi kusa da gida kamar raunin zuciyar mai jego, wato halin da naman zuciya ke kasa tura jini yadda ya kamata a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, sai mace ta riƙa haki, ƙafafunta su kumbura, ta kasa kwanciya rigingine da dare. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi ganin wannan ciwo a duniya. A shekarun 1970, Davidson da Parry sun yi nazarinsa a Zariya, inda suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki. Shekaru da dama wannan bayani ne ake karantarwa. A 1992 sai Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka nuna cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin seleniyom a jini, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci kuma naman zuciya ke buƙata. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya ƙarfafa zancen seleniyom da rama da talauci, kuma bai sami hujjar da za ta ɗora laifin duka a kan al'adun jego ba. Ma'aikacin da ya tsaya kan darasin farko zai yi wa uwa faɗa kan kunun kanwa ya sallame ta, alhali wanda ya bi sawun binciken zai rage mata gishiri, ya dubi abincinta da nauyinta, ya ba ta maganin fitar da ruwa, ya tura ta hoton zuciya, sannan ya zauna da ita da maigidanta kan haɗarin sake ɗaukar ciki kafin zuciyar ta farfaɗo.

Game da hawan jini, jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce a fara magani idan awo ya tabbata a kan 140 bisa 90 ko sama, kuma ta yarda ma'aikacin jinya da aka horar ya rubuta maganin ya ci gaba da bin mai shi, abin da ke da nauyi ƙwarai a ƙauyen da likita bai cika zuwa ba.

Ciwon sukari kuwa hatta mizanin gane shi ya motsa. Kafin ƙarshen shekarun 1990, sai sukarin jinin wanda ya kwana bai ci komai ba ya kai giram 1.40 a lita ake cewa yana da ciwon, sannan aka sauko da iyakar zuwa giram 1.26, domin an lura cewa ɓarnar ido kan fara tun a wannan mataki. A 2011 aka amince da gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce. A Afirilun 2025 kuma, ƙungiyar duniya ta masana ciwon sukari ta amince a Bankok da nau'i na biyar, wanda ke kama matasa ramammu da suka sha yunwa tun suna ƙanana. Wannan labari ya shafi Madawa kai tsaye, ganin yawan yaran da aka yi jinyar tamowarsu a asibitin gundumar tun bayan yunwar 2005, waɗanda yanzu samari ne da 'yan mata da iyaye. Maƙoƙo ma, kamar ciwon sukari, yana cikin babin cututtukan homon, kuma galibi rashin aidin a abinci ke kawo shi, amma kumburin wuya mai tauri da ke girma da sauri yana buƙatar bincike dabam.

A fannin sankara, babbar matsalar ita ce jinkiri. Mace kan ji ƙullutu a nono ta ɓoye shi saboda kunya, ko ta bi sakayau da turare har sai ya fashe, kuma ba daidai ba ne a zarge ta, tun da sau da yawa babu wanda ya taɓa gaya mata cewa ƙullutun da ba ya zafi shi ne abin tsoro. Tun 2007 dokar Nijar ta sa jinyar sankarar mata cikin ayyukan da ake yi kyauta, kuma a 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara a Yamai ta sami na'urar gasa ƙari da haske. Sai dai tsakanin Madawa da Yamai akwai kimanin kilomita 500, kuma na'ura ba ta amfanar wadda ta iso bayan cutar ta bazu. Sankarar bakin mahaifa ana iya tsare ta tun kafin ta zama sankara, ta hanyar shafa ruwan binega a duba wurin da ya yi fari, ko ta gwajin ƙwayar HPV wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2021, sannan a ƙona wurin nan take da ƙaramar na'urar zafi. Haka nan yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni ba ciwon haƙori ake fara zato ba, domin sankarar Burkitt, wadda ke da alaƙa da yawan zazzaɓin cizon sauro, tana jin magani sosai idan an kama ta da wuri.

Asibitin jiha da ke Tawa, da asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, da manyan asibitocin Maradi da Yamai, duk suna karɓar wanda aka turo musu ne, kuma mai turawar shi ne majo ko ungozoma ta ƙauye. Saboda haka ake roƙon hukumomin gundumomin uku da su mayar da wannan horo abin yi kowace shekara, su tabbatar kowace cibiya tana da na'urar awon jini mai aiki da tsinken gwajin sukari da bai lalace ba, su kuma sa asibitocin da ake tura wa marasa lafiya su riƙa maido da takardar sakamako ga wanda ya turo, domin da ita yake gane inda ya dace da inda ya kuskure. Ana kuma roƙon sarakuna da limamai su ba wa waɗannan ma'aikata dama a ranakun kasuwa da bayan sallar Juma'a domin awon jini.

Allah ya sa albarka a hannuwansu, ya ba marasa lafiya sauƙi. Yanzu za a kira su ɗaya bayan ɗaya, a fara da na gundumar Keita da suka fi nisan hanya, domin karɓar takardun shaida.