Baƙon Da Ya Ɗauki Gidan Suruki Otel: Jawabi Ga Iyaye Da Ɗalibai

 

An nemi in yi bayanin wani wasan kwaikwayo na Turawa, don iyaye su san abin da yara ke karantawa. Sunansa She Stoops to Conquer, watau ta ƙasƙantar da kai don ta ci nasara. Oliver Goldsmith, mutumin Ailan, ya rubuta shi, aka fara nuna shi a Landan a 1773. Shekara guda bayan nan ya rasu.

Wani saurayi ne, Malo, ubansa ya aiko shi daga Landan zuwa ƙauye ya ga Keti, 'yar abokinsa Hadkasil. Dare ya yi masa a hanya shi da abokinsa, suka faɗa gidan giya neman kwatance. Can suka haɗu da Toni, agolan Hadkasil, shaƙiyyi na gaske. Sai ya nuna musu gidan da suke nema, ya ce otel ne.

To, jama'a, mu da muka san haƙƙin mai masauki, mu ya kamata mu fi kowa jin wannan wuri. Dattijo ya fito da fara'a yana tarbar surukinsa, yaro kuwa gani yake mai otel ne mai shisshigi. Yana katse masa magana, yana neman a kawo masa takardar abinci ya zaɓa, har ya ce wa barorinsa su sha iyakar cikinsu. Da dattijon ya ƙule ya ce ya bar masa gida, sai gogan ya ce a kawo lissafi ya biya!

Amma ainihin ciwon Malo wani ne. Gaban 'yar babban gida bakinsa rawa yake, ko fuskar Keti bai iya kallo ba ran haɗuwarsu ta farko. In kuwa 'yar aiki ce, ba wanda ya kai shi rawar kai. Da ya ga Keti cikin kayan zaman gida ya zaci baiwar otel ce, ita kuma ta bar shi a haka don ta ga halinsa na gaskiya.

Wasu kan ce kunya ce ke damunsa. Ni ban yarda ba. Kunyar da ke gudu da zarar an ga talaka, tsoron manya ce kawai. Abin da ya cece shi, da Keti ta ce ita 'yar uwar masu gida ce marar hali, ya fara ganin mutuncinta, har ya nemi aurenta ba don dukiya ba, iyayen biyu na laɓe suna ji.

Ko wannan ya isa shaida a ba shi 'ya? Goldsmith ya ce ya isa. Iyaye mata da ke nan, ina so in ji ta bakinku.