Jawabi Kan Aikin Gayya da Maƙwabtanmu Kirista



Mu Hausawa, kasuwar doya ce ta zaunar da mu Agyaragu cikin Migili. Rikicin 2012 ya ci gidaje, ya bar unguwanni cikin zaman ɗar-ɗar. To jama'a, majami'a tana da abin da gyaran gari ke bukata: kowace Lahadi tana tara matasa da zumuntar mata. Mu kuma ga masallaci, ga 'yan kasuwa. In kwata ta toshe, ai sauro ba ya tambayar addinin mai gida. Saboda haka mu tura dattawanmu wurin fastoci, a sa ranar yashe magudanai kafin damina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.