Kafin A Ce "Babu Rezo": Lacca Kan Binciken Furoksi Da Hanyar Da Bayanai Ke Bi

 

An kafa kamfanin gawayi na SONICHAR a 1975, kuma gawayin Anou Araren ne ke haskaka Arlit, Akokan, Tchirozérine da Agadas. Amma in gida ya yi duhu a Arlit, gwanin mai gyaran wuta ba ya fara ɗora laifi kan tashar wutar. Fis ɗin gidan yake fara dubawa, sai mita, sai layin unguwa. Wannan tsarin nake so mai rubuta manhaja ya riƙe: daga kusa zuwa nesa.

In intanet ta ƙi, abin da ke kusa shi ne furoksi, wato manhajar da ke tsaye tsakanin shirinka da intanet. Ita ke karɓar buƙatarka, ta miƙa gaba, ta dawo maka da amsa. Irin su Squid har sukan adana abin da aka taɓa saukewa, kada a sake kashe kuɗin data a kansa. A garin da layi ke da tsada, wannan babban amfani ne.

Mataki na farko, ka tabbatar furoksin na raye. Adireshin 127.0.0.1 kwamfutarka ce da kanta, Squid kuma bisa al'ada tana sauraro a ƙofa ta 3128. Ka gwada ta da manhajar curl, ka haɗa da -v da -x. In an ƙi haɗin nan take, ko dai furoksin a kashe take, ko ka kuskure lambar ƙofa. In ka ga lambar amsa 407, suna da kalmar sirri take nema. In ka ga 502 ko 504, ita lafiyarta lau, matsalar tana gaba da ita.

Mataki na biyu, ka tabbatar shirinka ya san da ita. Duba http_proxy, https_proxy da no_proxy. Curl ba ta karanta http_proxy sai an rubuta da ƙananan haruffa, kuma git, pip da npm kowanne na da nasa saitin. Ka sa localhost cikin no_proxy, in ba haka ba buƙatar da ka aika wa sabar gwajinka za ta tafi wajen furoksi ta ɓace.

Mataki na uku, ka bi sawun hanya. Nslookup zai nuna maka ko ana samo adireshin sunan shafi. Traceroute, wanda Van Jacobson ya rubuta a 1987, zai jero maka zango-zangon da saƙo ke yadawa. In ping ya nuna jinkirin kusan milisakan 600, mai yiwuwa saƙonka na hawa tauraron ɗan Adam mai nisan kilomita 36,000.

Sanin hanya wajibi ne a gare mu, domin Nijar ba ta da bakin teku. Bayananmu sai sun ratsa maƙwabta kafin su kai wayoyin ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka ji a jikinsu. Shi ya sa layin fayiba na ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, mai bi daga Arlit zuwa Assamaka da iyakar Aljeriya, yake da muhimmanci: ƙofa ce ta biyu, ta arewa.

Roƙona gare ku masu rubuta manhaja shi ne, duk manhajar da za ku rubuta wa asibiti, makaranta ko ma'adinai a yankin nan, ku sa mata iyakar lokacin jira, ku sa ta sake gwadawa in layi ya yanke, ta kuma rubuta inda ta tsaya. Ma'aikacin jinyar da ke jiran sakamako ba shi da lokacin zato. Haƙƙinsa ne ku gaya masa ainihin inda matsalar take.