Yaran Bencin Baya



A kowane aji akwai yaron da kullum yake zuwa a makare. Malam ya riga ya yanke hukunci: malalaci ne. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Ashe tun asuba yana rafi ɗiban ruwa, ko ya kai awaki kiwo kafin ya ɗauki jaka. Ga kuma yarinyar da ba ta buɗe baki a aji, har an sa mata suna daƙiƙiya, alhali Ngas ko Tarok take ji a gida, Turanci kuwa sai a bakin malam. Irin waɗannan ake turawa bencin baya, a daina yi musu tambaya.

Abin nan ba a ƙauyukanmu kaɗai yake ba. A shekara ta 1968 masana biyu a Amurka, Rosenthal da Jacobson, suka buga sakamakon gwajin da suka yi a wata firamare. Sun tsinci wasu yara haka kawai, wajen kashi 20 cikin 100, suka gaya wa malamai cewa waɗannan za su yi fice. Da shekara ta kewayo, yaran nan sun fi sauran ci gaba, musamman 'yan aji 1 da 2. Zaton malam ne ya ɗaga su.

Roƙona ke nan: kafin hutu, kowane malami ya je gidan yaro ɗaya daga bencin baya, ya zauna da uwarsa. Iyaye kuma, in malam ya zo, kada ku ɓoye masa aikin da yaron yake yi da safe.