Jawabi Ga Iyayen Yara a Sama Road, Sakkwato



Idan an yi hutun makaranta, ina 'ya'yanmu ke wuni? Wasu suna ƙwallo bakin titi, ga motoci ga 'yan kabu-kabu. Wasu suna wanka a kududdufi, inda ake ɗaukar tsargiya.

Hana yaro wasa ba magani ba ne. Mu roƙi hedimasta filin makaranta, da sanin mai unguwa. A sa babba ɗaya ya tsaya kansu. Maza su yi langa da ƙwallo, mata su yi gaɗa da carafke. Zafin Afrilu yakan wuce digiri 40, saboda haka a bari sai bayan La'asar, a ajiye randar ruwa kusa.

Mai buga ƙwallo a filin Giginya, a unguwa ya fara koyo.

Allah ya raya mana su, amin.